Wuni guda a gonar inabi ta Constantia

Alhamis, tsakiyar girbin inabi.

Yau ajinmu na nazarin ƙasar noma ya wuni a Groot Constantia, gonar inabi mafi tsufa a Afirka ta Kudu, wadda Gwamna Simon van der Stel ya kafa a 1685. Bayan asuba muka bar Stellenbosch, domin a watan Fabrairu masu tsinka da sanyin safiya suke shiga gona kafin rana ta gasa 'ya'yan. Tun a mota na shaida wa malaminmu cewa idan aka zo ɗanɗana giya zan koma gefe. Ya ce ba laifi, ramin ƙasa dai ne ba zai ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Gonar na kwance a gangaren dutsen Constantiaberg, tana kallon mashigin teku na False Bay. Da muka leƙa ramin da aka haƙa, ƙasar ja-ja ce mai tsakuwa a sama, daga marmashewar dutsen giranit ta samu, can ƙasa kuma yumɓu ne mai riƙe danshi. Wannan yumɓun shi ne rufin asirin gonar, saboda a nan damina da sanyi tare suke zuwa, daga Mayu zuwa Agusta, lokacin zafi kuma ya zo a bushe, daidai sa'ar da 'ya'yan ke cika. Ga kuma iskar kudu maso gabas, wadda tun hantsi take kaɗa mu. Tana busar da ganye, fumfuna ba ya samun wurin zama, tana kuma kawo sanyin teku, shi ya sa inabin ke nuna a hankali ba tare da tsaminsa ya gudu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yau shi ne, duk bayanin nan ana jin sa a baki tun 'ya'yan na jikin kuranga. An bar mu muka riƙa tsinkar ɗaya-ɗaya muna taunawa. Sauvignon Blanc, wanda kwarin nan ya yi suna da shi, kore ne mai tsami da ƙamshin ɗanyen ganye. Na saman gangare, inda iska ta fi bugawa, ya fi na ƙasa kaifi, alhali iri ɗaya ne kuma tafiyar da ke tsakaninsu ba ta da nisa. Na koma na sake taunawa don in tabbatar, haka abin yake. Shiraz bai gama nuna ba tukuna. Ɓawonsa baƙi ne, idan ka tauna shi da ƙwallon sai bauri ya kama maka dasashi kamar na goro. Da na matse ɗaya a tafin hannu ruwan fari ya fito, domin launin jar giya da baurinta daga ɓawo suke, sai an bar ruwan ya tsima tare da shi.

Pinotage kuwa ɗan gida ne. Farfesa Abraham Perold na jami'armu ta Stellenbosch ne ya haɗa Pinot Noir da Cinsaut a 1925 ya samar da shi. Mutanen nan na alfahari da shi ƙwarai, kuma na ga dalili: iri ne da aka haifa don wannan ranar da wannan ƙasar.

Na daɗe a layin Muscat de Frontignan. Shi da gangan ake ƙin tsinke shi, a bar shi ya yamushe a kan kuranga har ya kusa zama zabibi, ruwa ya ragu, zaƙi ya taru. Tun kafin ka kai baki ƙamshinsa ya iso. Da shi ake yin giya mai zaƙi wadda ta fitar da sunan Constantia a fadojin Turai, har Napoleon ana kai masa ita a tsibirin Saint Helena inda aka tsare shi. Har yanzu suna yin ta da sunan Grand Constance.

A wannan layin na gamu da wani dattijo cikin ma'aikata. Na gaishe shi da "Oom", wato baffa a harshen Afrikaans, na ce, "Oom, mene ne wannan ƙullin da ke gindin kowace kuranga?" Ya durƙusa ya share ƙasa da yatsa ya nuna mini wurin aure. Saiwar ta Amurka ce, saman ne na Turai. Ƙwaron filoksera mai cin saiwa, wanda ya tashi gonakin Faransa, ya iso yankin Cape a 1886 ya yi irin ɓarnar, kuma saiwar Amurka ce ke jure masa. A aji na karanta wannan, amma dattijon ya ƙara mini da yadda ake gane auren da bai kama ba tun daga launin ganye. Da ɗan ƙanena yake kira na har muka rabu.

Da aka shiga zauren ɗanɗano na zauna a baya da ruwan inabi marar tsimi, ina sauraron mai bayani. Maganar haɗa giya da abinci ta ba ni sha'awa, don hankalin mai girki ne a cikinta. Sauvignon Blanc da kifi suke ba da shi, tsaminsa na yin aikin lemon tsami. Shiraz da Pinotage na gasasshen nama ne, abin da suke kira braai, domin bauri na wanke maiƙo daga baki. Mai zaƙin nan kuma da cuku mai gishiri ko kayan zaƙi bayan an ci abinci. Bobotie, wato niƙaƙƙen nama da kori da zabibi wanda ake gasawa da ƙwai da madara a sama, ta ce ya fi son farar giya mai ɗan zaƙi irin Chenin Blanc, saboda mai bauri da yawa na ƙara wa kayan yaji zafi.

Da ta ambaci bobotie sai muka haɗa ido da wata 'yar ajinmu Musulma 'yar Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi a Cape Town, domin shi mahaifiyarta ta zuba mana a kula. A gindin itatuwan ok muka ci. Girkin nan na kakanninta ne, mutanen da Kamfanin Holan ya kwaso daga tsibiran Indonesiya da gaɓar Indiya, wasu bayi, wasu malamai da sarakunan da aka kora. Bayi ne suka nome gonakin kwarin nan har zuwa 1834. Bayan nan ma gonakin inabi da dama a lardin sun riƙa biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. An haramta haka a 1960 amma bai mutu ba sai cikin shekarun 1990, kuma har yau ana haifar yara da lahanin barasa a garuruwan gonaki. Wannan ya dame ni sosai, don irin hannun dattijon ɗazu ne aka yi wa haka.

Kafin mu juya, ita ce ta roƙi direba ya tsaya a bakin ƙofar Klein Constantia, wata gonar inabi da ke kusa, inda hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah yake, ɗaya daga cikin malaman da Holan ta koro daga Sumatra. Ƙaramin gini ne kusa da rafi, kurangu na kewaye da shi. Muka yi masa addu'a, na yi la'asar a wurin.

Da dare na kira yayana da ke noman inabin ci a Kudan ta jihar Kaduna. Can babu sanyin da zai sa kuranga barci, datsa rassa ne ke tayar da ita. Na ce, "Yaya, kurangunka masu aure ne ko da saiwarsu suke?" Ya ce reshe kawai suke yanka su dasa, kuma akwai layin da ke ƙanjamewa kowace shekara. Na ce ya tono gindi ɗaya ya turo mini hoton saiwar, ina zargin tsutsar ƙasa ce. Gobe da safe kuma ɗakin gwaji, za mu auna tsami da zaƙin samfurin da muka ɗebo daga sama da ƙasan gangaren.