Kurosawa ya hana ni barci jiya

Jiya da daddare na sake kallon Seven Samurai na Akira Kurosawa, fim ɗin Japan na 1954, baƙi da fari ne kuma ya haura awa uku amma wallahi ko ruwa ban tashi sha ba. Faɗan ƙarshen nan cikin ruwan sama, dawakai na zamewa a taɓo, manoma riƙe da mashin gora jikinsu na ɓari, har yanzu yana idona.

Ni fa da finafinan Indiya na tashi, Sholay na Ramesh Sippy kam ban san sau nawa na kalla ba, can ma 'yan fashi ne suka addabi ƙauye. Na ban tsoro ne dai ba sa burge ni sam, ihu da jini kawai, labarin babu.