Laraba, bayan jirgin dare

Mun sauka Kano ana kiran assalatu, ɗauke da alhazai daga Jidda. Tashin da aka sa ƙarfe goma na dare sai da ya kusa ɗaya, ana ta fama da awon kaya. Fasinja ya samu ya ɗan kishingiɗa a ɗakin jira, mu matuƙa kuwa ido biyu muka yi zaman, kuma lokacin aikinmu yana ta tafiya.

Wahalar ta zo ne a sararin samaniyar Chadi. Daga ƙarfe biyu zuwa shida jiki ba ya jin lallashi, ko kofi nawa ka sha. Na'ura ce ke riƙe da jirgin, rediyo shiru, waje duhu, sai ka ga ka karanta lamba ɗaya sau biyu ba ta zauna maka ba. Kyaftin ya dube ni ya ce, "Ƙanena, yaya idon?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da nauyi." Ya ce in runtsa na ɗan lokaci, zai riƙe, ya kuma gaya wa shugabar ma'aikatan cikin jirgi ta riƙa kiranmu a waya tana jin muryarsa.

Da na farka ya ɗauko labarin jirgin Batik Air na Indunusiya, wanda ya tashi daga Kendari zuwa Jakarta a Janairun 2024. Kyaftin ɗin ya nemi izini ya kwanta, mataimakinsa shi ma barci ya sace shi, suka yi minti 28 ba mai farke, jirgin ya kauce hanya. Bincike ya nuna mataimakin yana da tagwaye 'yan wata ɗaya a gida. A takarda ya huta. Wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da jariri ya san irin hutun.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Dokar hutun matuƙa tana ƙirga sa'o'in da ba ka bakin aiki, ba ta ƙirga cunkoson hanya, da zafin rana, da ƙarar janaretan maƙwabci. Amurka ma sai da jirgin kamfanin Colgan ya faɗi kusa da birnin Buffalo a 2009, mutum 50 suka rasu, sannan aka sake dokar. Daga 2014 hutu ya zama aƙalla sa'a 10, da damar barcin sa'a 8 a jere a ciki.

Na isa gida yara na shirin makaranta. Barcin rana bai yi nisa ba, wuta ta ɗauke. Da la'asar saƙo ya shigo daga ofis, an matso da tashin gobe zuwa asuba. Na cike takardar rahoton gajiya na tura. Abokan aiki da yawa ba sa cikewa, suna gudun a ce musu ragwaye in lokacin ƙarin girma ya zo. Har na yi isha'i ba a ba ni amsa ba.