Karen gadi da daren wasan wuta a Saudiyya

Mai kula da kare a gona ko istiraha (gidan shaƙatawa) a bayan garin Riyad ko Jidda ya riƙe lokuta biyu a ka: 23 ga Satumba, ranar ƙasa, da dararen Sallah. Wasan wutar da hukuma ke shiryawa yana da sauƙi, domin ana sanar da wuri da lokaci, galibi wajen tara na dare. Mai wuyar shi ne na yaran unguwa, wanda ke farawa tun ƙarshen azumi kuma ba ya da lokaci.

Kare bai san biki ake yi ba. Ƙara ce kawai ta faɗo masa daga sama, ƙasa ta girgiza, ga walƙiya ga warin albarushi. Za ka ga yana haki ba tare da ya yi gudu ba, yana dalalar da miyau, jiki na ɓari, wutsiya a matse. Wani ya ƙi ko da nama.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke illata karnuka a irin wannan dare shi ne sarƙa. Kare a firgice yana zagaya turke har ta naɗe masa wuya, ko ya haura katanga da ita ya rataye. Wanda ya zame abin wuya kuma sai titi, kuma kowa ya san gudun motocin daren ranar ƙasa. Saluki, karen farautar Larabawa, yana cikin waɗanda suka fi iya zamewa saboda kansa siriri ne, faɗinsa kusan ɗaya da wuyansa. A gwada abin wuyan: yatsu biyu su shiga, kada su wuce haka. A rubuta lambar waya a jiki.

Don haka a kwance shi kafin Magariba. A zagaya da shi a igiya ya yi bawali da bayan gida, a ba shi abinci da wuri, sannan a shigar da shi ɗakin da ya fi nisa da titi, mai bangon bulo. Rumfar kwano ƙara amsa sautin take yi. A rufe taga da labule, a bar fitila a kunne don walƙiyar ta rage ƙarfi, a kunna rediyo daidai yadda ake hira. A yi masa maɓoya da tebur da bargo, a bar gefe ɗaya a buɗe. In ya zaɓi wani lungu da kansa, a ƙyale shi. Janyo shi da ƙarfi ne ke kawo cizo.

A nan mutane ke mantawa da zafi. A Satumba rana a Riyad tana kaiwa digiri 40, bango kuma yana riƙe zafin har dare. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, mai tsoro kuwa hakinsa ya riga ya yi yawa. Ɗaki rufe ba iyakwandishan ba fanka zai iya kashe shi kafin a gama wasan. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin 38 da 39 ne. In ya haura 41, harshe ya yi ja wur, yana tangaɗi, a jiƙa shi da ruwan da ba na ƙanƙara ba a nufi likitan dabbobi. Kwanon ruwa biyu a ɗakin, domin ɗaya kan kife.

Kada a daka masa tsawa, kada a doke shi don ya yi haushi ko ya ɓata ɗaki. Masu cewa lallashi yana ƙara wa kare tsoro ba su da gaskiya. In ya matso, a shafa shi a hankali, a yi masa magana da muryar yau da kullum.

Gyara mai ɗorewa kuwa sati shida zuwa takwas kafin biki ake fara shi. A sa sautin wasan wuta a waya ƙasa ƙasa, yadda zai ɗaga kunne amma ba zai tashi ba, minti biyar zuwa goma a rana, kowace ƙara a bi ta da ɗan yankan dafaffiyar hanta. Sai bayan kwana biyu ko uku ana ganin hankalinsa kwance a ƙara sautin kaɗan. In ya daina karɓar hantar, an yi sauri, a koma baya.

Magani sai ta hannun likita, gwargwadon nauyin karen, kuma a gwada shi wata rana kafin bikin. Akwai irin su trazodone da gabapentin, da wani da ake shafawa a dasashi minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Acepromazine shi kaɗai ba shi da amfani a nan: jiki yake kashewa, tsoron yana nan, karen yana ji amma ya kasa motsi. Panadol da Brufen na mutane suna iya zama guba a gare shi. Tsohon karen da da can bai damu da ƙara ba, ya fara firgita yanzu, a duba masa gaɓoɓi da kunne, sau da yawa ciwo ne sanadin.

Da safe a share fili kafin a sake shi. Ragowar kwalayen da suka faɗo suna ɗauke da albarushi da sinadaran launi, ƙwikwiyo kuma ba abin da ba ya taunawa. Amai ko zawo bayan daren biki daga nan ake fara zarginsa.