Randar Ƙofar Gidanmu

Laraba, 15 ga Janairu, 2025. Zariya.

Sha ɗaya na dare ta gota, gidan ya yi tsit, ni kuwa na san ko na kwanta idona ba zai rufe ba. Gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Da safe hazo ya lulluɓe gari, sanyi har cikin ƙashi. Na hau babur zuwa makaranta, na bi ta gaban barikin Chindit kamar yadda na saba. A rediyon mai shayi ana ta zancen ranar tunawa da 'yan mazan jiya, za a ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tantabaru. Ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, shi ya sa aka zaɓe ta. Na ji da kunne ɗaya, na wuce abina.

Da azahar Gwaggo ta kira ni. "Ɗana, in ka tashi aiki ka biyo ta gida, akwai abin da na tsinta." Ashe za a sake rufin ɗakin marigayi Baba Soja, mahaifinsu, kakana ke nan, sai aka jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Na tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta baje kayan: carbi mai baƙaƙen 'ya'ya, wata laya da fatarta ta bushe ta tsattsage, da lambar tagulla mai siffar tauraro mai tsini shida, ƙyallenta ya koɗe har da ƙyar ake gane ja da shuɗin da ke jikinsa. Ita ce lambar da Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙin Bama. Sai kuma kaset guda, a jikinsa rubutun mahaifina, Allah ya jiƙansa: "Hirar Baba."

Samun rediyo mai cin kaset a wannan zamani aiki ne. Sai da na je Tudun Wada wajen wani dattijo mai gyara, ya kakkaɓe wata ya ara mini, ya naɗe zaren da biro, ya ce in bi ta a hankali. Bayan la'asar muka zauna ni da Gwaggo, na danna.

Ina ajin firamare ya rasu. Abin da na riƙe game da shi kaɗan ne: dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma kullum da sassafe yakan sa mu cika wata babbar randa da ke ƙofar gida, da moɗa a kan murfinta, don masu wucewa. In randar ta kwana babu ruwa, ranar kowa zai ga ɓacin ransa. Da muryarsa ta fito daga rediyon nan, Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya fara da yadda aka ɗauke shi. Turawa a takarda suna cewa masu sa kai suke ɗiba, amma abin da ya faru a ƙauyensu daban ne. An aiko wa hakimi yawan samarin da ake so, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya dubi gidajen da ba su da mai tsaya musu. Yana gona ana cikin girbin dawa dogari ya zo. Ya ce a lokacin hanya biyu ce gaban talaka, ko soja ko aikin tilas na haƙar kuza a Jos, kuma labarin waɗanda sanyin can ya kashe ya riga ya cika ƙasa. Mahaifiyarsa ta sayar da akuya ta karɓo masa laya wajen malam, ta ɗaura masa a damtse da hannunta. Layar nan ce ke gabana a kan tabarma yana maganar.

Bai san Hitila ba, bai san Japan ba. Aka koya musu fareti, aka kai su Ikko a jirgin ƙasa, aka zuba su a jirgin ruwa a 1943, suka zaga ta ƙasan Afirka ta Kudu har Bombai ta Indiya. Ya ce Hausa ce harshen bariki, da ita Bature yake ba da umarni, da ita Batibe da Babarbare suke fahimtar juna.

Wajen da na fara tsayar da kaset shi ne maganar alƙibla. Mu nan in an ce gabas, an ce alƙibla, har mukan ce wane ba ya kallon gabas in muna nufin ba ya salla. Da suka sauka Indiya ya tashi zai yi azahar, ya juya wajen fitowar rana, sai wani Musulmi Ba'indiye ya kama kafaɗarsa ya juya shi yamma. Ya ce ransa ya ɓaci, ya zaci raina masa addini ake yi. Sai da limamin bataliyarsu ya zana musu a ƙasa da tsinke, ga Makka, ga ƙasar Hausa, ga inda suke, sannan ya gane sun wuce Ka'aba sun bar ta a baya. "Ranar na san an kai ni nesa," in ji shi. "Na yi kuka a sujada. Amma na ce Ubangijin gabas shi ne Ubangijin yamma." Ayar da ke cewa gabas da yamma na Allah ne tana cikin Baƙara, kuma tun yana makarantar allo ya haddace ta, sai dai ya ce sai a ranar ya san abin da take faɗa.

Bataliyarsa tana cikin uku na rundunar Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, da aka zare daga runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma aka ba Janar Wingate, mai dakarun da ake kira Chindit. Shekara nawa ina wuce barikin nan, ban taɓa haɗa sunansa da kakana ba sai yau. Dabarar Wingate ita ce a sauke soja a jirgin sama can bayan abokan gaba, su datse hanyar jirgin ƙasa da ke kai wa Japan kaya daga Mandalay zuwa arewa. Shi kansa Janar ɗin ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga Maris, 1944, daidai lokacin da ake shigar da su. Baba Soja ya ce an ajiye su a kan wasu tuddai da aka kewaye da waya mai ƙaya, Turawa suna kiran wurin Farin Birni saboda laimomin da ake jefo musu abinci da harsashi da su daga jirgi sun maƙale a bishiyoyi, ko'ina fari fat. Alfadarai ne ke ɗaukar kayansu, kuma an yanke musu wani abu a maƙogwaro don kada su yi kuka su tona asiri. Ya ce ya fi jin tausayin dabbobin nan in suka buɗe baki babu murya.

Da dare igwa, da asuba 'yan Japan su taso wa waya da ihu. Da damina ta sauka kuwa, ruwa ya fi harsashi ɓarna: zazzaɓi, atini, matsattsaku a ƙafa, takalmi ya ruɓe da fatar mutum a ciki. Salla yakan yi ta a zaune cikin rami, ya haɗa biyu, wani lokaci da taimama. Abokin raminsa Batibe ne, Kirista, shi ke riƙe bindiga yana gadinsa har ya sallame. Ciwon ciki ya kashe shi a hanya, Baba Soja ya haƙa masa kabari da adda, ya ɗaure itace biyu ya kafa masa yadda ya ga mutanensu suna yi. A nan bai tsaya ba, ya wuce da sauri.

Sai aka yi shiru a kaset ɗin har na zaci ya tsinke. Muryar mahaifina ta ce, "Baba, ko a bari haka?" Ya ce, "A'a, bari in faɗa, na gaji da riƙonsa."

Wata asuba ce suna sintiri, aka aike shi ɗebo ruwa a wani rafi cikin gora. Yana leƙawa ta tsakanin ganye ya ga ɗan Japan a tsugune a bakin ruwa, yaro ne kamarsa, ya jingina bindigarsa da dutse, ya cika tafin hannu zai kai baki. Yaron ya ɗago, suka haɗa ido. Bai kai hannu ga bindiga ba, ko dai bai samu zarafi ba. Baba Soja ya harba. Da saje ya sa aka bincike gawar, sai aka ga wani farin ƙyalle ɗaure a cikinsa, cike da ƙananan ƙulle-ƙullen jan zare. Wani hafsa ya gaya musu mata ne ke ɗinka wa 'ya'yansu da mazajensu don tsari daga harsashi.

"Sai na taɓa damtsena," in ji shi. "Na ce ashe shi ma yana da uwa, ita ma laya ta yi masa. Tawa ta ci, tata ba ta ci ba. Ruwan nan bai sha ba."

Na kashe rediyon. Ni malamin tarihi ne, na san abin da bai sani ba a lokacin: ɗinkin nan guda dubu ne, kowace mace ta sa ɗaya, kuma yawancin samarin Japan su ma kiran tilas aka yi musu, da wata jar takarda da ake kawowa har gida. Mutum biyu da ba wanda ya zaɓi zuwa, ɗaya daga gonar dawa, ɗaya wataƙila daga gonar shinkafa, suka haɗu a bakin rafin ƙasar da ba ta kowanensu ba ce.

Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, su kuwa sai 1946 aka dawo da su gida. Ya ce saje ya yaba masa, Bature ya dafa kafaɗarsa, a ƙauye an yi masa kiɗa. Shi kuma ya shiga bin malamai. Na farko ya ce masa yaƙi ne, da ka yi jinkiri da kai ne gawar, je ka abinka. Na biyu ya ce tunda zuciyarka ta ƙi kwanciya, ka yi azumin wata biyu a jere irin na kaffara. Ya yi, cikin bazara. Na uku, wani tsoho a cikin birni, ya karanta masa ayar Suratun Nahli da ta yi rangwame ga wanda aka tilasta ya furta kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani, wadda malaman tafsiri ke cewa ta sauka a kan Ammar ɗan Yasir. Sannan ya gaya masa gaskiyar da ke cikin littattafai, cewa tilas tana ɗauke laifin harshe, amma malamai ba su sa ta zama lasisin ɗaukar ran wani ba, don ranka bai fi nasa tsada ba. Ya ƙara da cewa filin daga yana da nasa hukunci, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Baba Soja ya ce wannan malamin kaɗai ya ji ya amsa masa tambayarsa.

"Tilas ce ta kai ni Bama," ya ce. "Wannan dagaci zai amsa, Bature zai amsa. Amma yatsan da ya ja kunamar bindiga nawa ne. Ranar da gaɓoɓi za su yi magana ba zan ce saje ne ba."

Gwaggo ba ta yarda da shi ba, kuma ta faɗa mini a fili. "Ɗana, da bai harba ba, da babu ni, babu ubanka, babu kai. Ya azabtar da kansa a banza, bawan Allah." Na ce, "Haka ne, Gwaggo." Ba zan yi musu da ita ba, don maganarta gaskiya ce, kuma ita ta ga dararen da yake farkawa a firgice yana salati. Sai dai a zuciyata na fi karkata ga tsohon. Ba na ganin laifinsa a abin da ya yi a bakin rafin nan, ko ni ne da harbin zan yi. Abin da ya girgiza ni shi ne yana da mafaka har uku, umarni da tilas da tsoron mutuwa, kowace ta ishe shi ya yi barci, ya ƙi shiga ko ɗaya. Mun saba jin "umarni aka ba ni" daga bakin masu bindiga, kuma da wannan kalmar aka zubar da jini mai yawa a ƙasar nan ba tare da wani ya kwana da nauyinsa ba. Shi da aka fi kowa zalunta a cikin lamarin, shi ne ya ɗauki rabonsa na alhakin ya riƙe shekara arba'in da wani abu.

Kuma ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. An ɗebi dubban samari daga ƙasar nan aka kai su yaƙin daulolin da ba su san su ba, da yawa suna kwance a dazuzzukan ƙasar da yau ake kira Myanmar. Sunayen wuraren da suka mutu suna nan a allunan barikokinmu, Dalet a Kaduna, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, muna furta su kullum kamar sunayen unguwanni. A ajina na yau akwai yara hamsin da wani abu, ban ce musu komai a kan wannan ba. Gobe zan ce.

Kusan ƙarshen kaset ɗin mahaifina ya tambaye shi ko yana yi wa yaron addu'a. Ya ce shi bai san addinin yaron ba, ba kuma zai shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa ba. "Abin da na sani, na hana shi ruwa. To duk wanda ya wuce ƙofata da ƙishi zai sha." Daga nan aka ji kiran sallar magariba a bayan muryarsa, ya ce a kashe.

Na dubi Gwaggo. Ta ce ita ma sai yau ta sani, su duk sun ɗauka sadaka ce kawai irin ta kowa. Randar ta fashe shekara biyu bayan rasuwarsa, aka kwashe katangar aka zubar, wurin yanzu mai cajin waya ne ya kafa tebur.

Kafin in mayar da rediyon na ɗauki muryar gaba ɗaya a wayata. Gwaggo ta ce kaset da carbi nata ne, lamba da laya in tafi da su. Suna nan a kan teburina ina wannan rubutu. Na yi magana da mai cajin waya, ya ce zai matsa gefe. Ranar Asabar zan shiga kasuwa wajen masu tukwane, Gwaggo ta ce in zaɓi mai faɗin baki, in ƙwanƙwasa ta in ji ƙararta kafin in biya, kuma kada in manta da moɗa.