Cizal da kansa ya baje

A wuraren gini a nan Jidda, abin da kowa ke tsoro shi ne faɗowa daga sama. Amma raunukan da nake yawan gani a jikin 'yan uwanmu birkiloli da leburori, ƙananan kayan hannu ne ke jawo su: guduma mai sakakkiyar ƙota, wuƙar yanka da ta dakushe har sai an danna ta da ƙarfi, sai kuma cizal, ƙarfen nan da ake bugawa da guduma a sassaƙa bango.

Shi cizal ɗin ne ya fi damuna. Idan ya sha duka, kansa yakan baje, gefen ya nannaɗe ya tsattsage. Wata rana guduma na sauka, ɗan ɓarɓashin ƙarfe zai tsinke ya yi tsalle. Wani yaro da muke aiki tare yana sassaƙa bango don a binne bututun wayar lantarki, ba tabarau, sai ya ji abu ya shige masa ido. Ya murza da bakin riga, ya ce ƙura ce. Na ce masa, "Ƙanena, ajiye gudumar nan mu je asibiti." Ya ce kuɗin yininsa fa? Washegari idon ya kaɗa jawur, ko buɗe shi ba ya iya yi. Ƙarfe idan ya maƙale a ido cikin 'yan sa'o'i yake fara tsatsa, sai da likita ya kankare. Alhamdu lillahi idon ya tsira. Goge kan cizal ɗin nan kuwa ba ya cin minti biyar.

Sai ɗabi'ar barbaɗa siminti a yanka a naɗe da tsumma. Wallahi tana ba ni takaici. Siminti ƙona nama yake yi. A wanke da ruwa mai tsabta, a danne har jini ya tsaya, kuma wanda ya haura shekara 10 rabonsa da allurar tetanus ya je a yi masa.

Mai igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da ke aiki ƙarƙashin kamfani ya sani cewa ana biya masa kashi 2 cikin 100 na albashinsa a GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, saboda irin wannan rana. Idan ya ji rauni, ya sanar da mai aikin cikin kwana 7, shi kuma mai aikin ya kai rahoto GOSI cikin kwana 3. Masu aikin yini da ba a yi wa rajista ba, ba su da wannan gata, su ne kuma suka fi ɓoye ciwo. Saboda su nake roƙon duk mu'allimi, wato ogan aiki, da ke raba kayan aiki da safe ya duba kan kowane cizal kafin ya miƙa.