Asabar ta ƙare a ƙarƙashin tirela

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya na dare, na wanke hannu sau uku amma giris bai fita daga farce ba, bayana kuwa kamar an daka ni a turmi.

Ita dai tirelar nan tamu, irin wadda ake ja da mota a kwana a cikinta, da muka saya na hannu bara, mai tsawon ƙafa 16, tun dawowarmu daga Palo Duro, wani wurin shaƙatawa a nan Texas, nake ganin ta zauna, gefen hagu ya fi sauka kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Ranar nan ina fita daga gidan mai gindinta ya karci kwalta ƙiiii, bututun zubar da ruwa ya tsage, Maman Ummi ta kalle ni kawai ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Ga shi mun sa ran zuwa gandun shaƙatawa na Big Bend hutun yara, tafiyar awa takwas ko fi daga nan Dallas, na ce a'a ba zan ja ta haka ba.

Bayan asuba na sa duwatsu a tayoyi, na ɗaga ta da jak na ɗora firam ɗin a kan ƙafafun ƙarfe, don ban yarda in shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ya riƙe ba wlh. Ina cire taya na ga aikin. Sifirin ɗin da ya kamata ya lanƙwashe kamar baka ya miƙe sambal, falle ɗaya a hagu ma ya karye daga tsakiya, saman tayar har ya fara goge rufin da ke kanta. Da na zare kusar da sifirin ke rataye a jiki sai bushin ɗin roba ya zubo mini a tafin hannu kamar ɓawon gyaɗa, ramin da ya kamata ya zama zagaye ya koma kamar ƙwai.

Da a gida ne Ƙofar Ruwa zan kai shi, mai sifirin ya sa guduma ya dawo masa da bakansa ya ƙara falle ɗaya, in ba shi na goro in tafi. A nan kuɗin aikin hannu ya fi kayan tsada, sabo kawai ake sawa. Aksil ɗina, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin, mai ɗaukar nauyin fam 3,500 ne, saboda haka na sayo sifirin biyu masu ɗaukar fam 1,750 kowanne, falle huɗu, tsawon inci 25 da kwata, da bushin na tagulla da kusoshi masu bakin ɗura giris, da sabbin yu-bol, masu ɗaure sifirin da aksil, don tsofaffin ba a maida su.

To ga inda na so in yi wauta. Sifirin ɗin a ƙarƙashin aksil yake, in aka maido shi sama tirela tana tashi wajen inci biyar, ni kuma da wayona na ce ai sai in kife aksil ɗin kawai kujerun sifirin su koma sama, shikenan ba walda ba kashe kuɗi. Har na fara juya shi sai ga tsohon maƙwabcina, wani bature da ya yi ritaya daga tuƙin babbar mota, ya zo da kofin kofi a hannu ya tsaya yana kallona. Ya ce in sa igiya daga wannan kai zuwa wancan. Na sa. Ashe ƙarfen ba miƙaƙƙe ba ne, da gangan aka ɗan gantsara tsakiyarsa sama don in kaya suka danne tayoyi su tsaya daidai, in na kife shi cikin tayoyin zai cinye kafin mu je ko'ina, ga birki ma ya juye. Kunya ta kama ni amma na gode Allah da ya kawo shi.

Shi ya ɗauko injin waldarsa, muka auna sau uku kafin ya liƙa sabbin kujeru a sama daidai saitin tsofaffin. Wayar birki ta gajarce sai da na yi mata ƙari. Wani noti guda mai tsatsa ya ci mana kusan awa ɗaya, na fesa mai, na buga, na yi salati, ƙarshe dai yanke shi muka yi. La'asar ma a makare na yi ta.

Da muka sauke ta na auna, inci shida da ɗan wani abu ta tashi, hagu da dama daidai. Sai dai yanzu hancinta ya duƙa in na haɗa ta da mota, dole in canza ƙarfen ja in ɗaga ƙwallon da ake maƙala ta a kai, kuma in sake auna tsayinta har na'urar sanyi da ke kan rufi saboda gadoji. Tsohon ya ce in na yi mil 50 in tsaya in sake ɗaure yu-bol da notin taya, kuma in rage gudu a kwana tunda nauyi ya hau sama.

Ummi ta zo shiga ƙafarta ta kasa kai matakala, ta ce "Abba ka maida ita raƙumi." Uwarta tana daga ƙofa ta ce to Baban Ummi sai ka sayo mana tsani. Gobe in Allah ya kai mu zan duba matakala mai hawa biyu, da bututun nan da har yanzu yake a tsage.