Yadda na ɗora wa kakata uban da ba nata ba

Takardar haihuwar kakata ba ta wuce layi huɗu ba. An haife ta a Damagaram "wajen 1924", yadda ake rubutawa idan ba a riƙe rana ba. Sunan uwa yana nan, gurbin uba kuwa an ce ba a san shi ba. Amma a gidanmu kowa ya san sunansa na Faransanci, domin mahaifiyarta, Iya, ta riƙe shi har ta koma ga Allah. Ba zan rubuta shi a nan ba, akwai masu amsa shi da ransu.

Cikin mako uku na ga sunan a wata bishiyar zuri'a da wani ya ɗora a intanet: sajan ne na sojan mulkin mallaka, ɗan wani ƙauye kusa da Bordo, kuma ya yi aiki a barikin Damagaram. Sunan gida ɗaya, sunan fari ɗaya, gari ɗaya. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar ƙasar kafin a mayar Yamai, don haka ban ga abin tambaya ba. Na hau kansa. Wata goma sha huɗu ina bin rajistar ƙauyensu, kaka bayan kaka, har na haɗa tsatso bakwai. Na buga a babbar takarda, na sa a firam, na kai wa Kawu ranar sunan jikarsa. Ya sa tabarau yana bin layin da yatsa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ɗana, yau ka ba Inna uba."

A wannan taron Gwaggo ta ja ni gefe ta ce, "Wannan ba shi ba ne. Iya ta ce mutumin Indar ne, ba fari fat ba, kuma alƙalami yake riƙewa, bai taɓa ɗaukar bindiga ba." Na ce, "To Gwaggo, zan duba." Ban duba ba. A raina na ce tsufa ne, ni ga takarda a hannuna. Wannan amsa tawa ita ke ci mini rai har yau.

Abin da ya tona kuskuren takarda ɗaya ce da ya kamata in buɗe tun ranar farko. A wancan zamani, kowane namiji a Faransa idan ya kai shekara 20 ana buɗe masa takardar soja, a rubuta tsawonsa, launin idonsa, inda aka tura shi da kwanan wata, har da adireshin da ya zauna bayan an sallame shi. Ta mutumin nan tana ma'ajiyar tarihin jiharsu, kyauta a intanet. Launin idonsa kawai na je nema. Sai na tarar ya bar ƙasarmu a 1914, an sallame shi a 1919, kuma duk adireshinsa na bayan sallama a jihar Gironde ta Faransa suke. Shekara goma tsakanin tafiyarsa da haihuwar Inna. Ko yaya na ja kalmar "wajen", ba za ta kai goma ba. A lokacin Kawu ya yi wata biyu da rasuwa.

Indar kuwa ashe Ndar ce, sunan da Wolof ke kiran San Luwi ta Senegal. Daga bakin wani abokin aikina ɗan Senegal na ji, yana cewa zai je gida hutu. Jikina ya yi sanyi.

Nan aikin gaske ya fara, kuma nan ne suna ke yaudarar mutum. Tun 1659 Faransawa suke a tsibirin San Luwi. 'Yan kasuwa da sojoji sun auri matan gari bisa al'adar ƙasar, 'ya'yansu 'yan ruwa biyu suka riƙe sunan uba, suka zama manyan gidaje irin su Devès, Crespin, Guillabert da d'Erneville, suna ta auratayya a tsakaninsu. Namu ba ya cikin manyan, amma tsarin ɗaya ne. Daga irin waɗannan gidaje aka sami akawuna da ma'aikatan gidan waya da aka watsa cikin yankunan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. A rajistar San Luwi da ma'ajiyar Aix-en-Provence da ke Faransa ta ɗora a intanet, na sami maza uku masu wannan suna cif, an haife su cikin shekara tara. Biyu 'yan maza zar ne, na ukun kuma uwarsa ƙanwar uwar na farko ce. Duk sunan mutum ɗaya aka maya musu.

Kama da wane ba ta wane, na riga na sha darasin. Wannan karon ban yarda da suna ba ko kaɗan. Kowane mutum na buɗe masa shafinsa, da sunan uwarsa a sama, don sunan uwa shi ke raba 'yan maza. Na riƙa karanta shaidun da ke ƙasan kowace takarda, da ƙananan rubutun da ake ƙarawa a gefen takardar haihuwa idan mutum ya yi aure, waɗanda a da tsallakewa nake yi. Na kuma gane Bafaranshe yakan sami suna uku ko huɗu, kuma sau da yawa da na ƙarshe ake kiransa a gida. Cikin mazan nan uku, ɗaya ya rasu yana yaro. Ɗaya bai bar Senegal ba, sa hannunsa yana kan takardun haihuwar 'ya'yansa kusan kowace shekara biyu. Na ukun akawun gidan waya ne, kuma takardar aikinsa da na biya wani ya ɗauko mini hotonta a Dakar ta nuna an tura shi Damagaram a 1922. Yana sa hannu da wata lanƙwasa doguwa a ƙarƙashin sunan, iri ɗaya a takardar aurensa da ta aiki.

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, ina ce masa ya nemi takardar da za ta iya ƙaryata shi kafin ya faɗa wa kowa komai, ya kuma rubuta maganar tsofaffi yadda suka furta ta, ko da bai gane ba. Ni na yi wata goma sha huɗu ina tara abin da ke gaskata ni, kalma ɗaya da za ta kai ni gida kuwa na bar ta a bakin ƙofa.

Na je wurin Gwaggo na durƙusa na ce ta yafe mini, ita ce da gaskiya. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka sami sunan uwarsa?" Na karanta mata, ta maimaita sau uku har bakinta ya kama. Firam ɗin farko yana nan rataye a falon Kawu. Matarsa ta ce shi ya buga ƙusar da hannunsa, kuma ban iya ce mata ta sauke ba.